Wace fitila ta dace da kwanan tanti a fadama?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Bana na shiga noman rani a fadamar Argungu, kadada ɗaya da 'yan kai, kuma tun da aka ɗauke wa maƙwabcina injin ban-ruwa cikin dare nake kwana can, ni da ƙanena da wani yaro mai taya mu aiki. Na sayi tanti na gwanjo, irin na leda mai zif da gidan sauro a jikinsa, yana cin mutum uku in an matsu. Haske ne ya zame mana matsala. Daren farko da tocilar waya muka yi, kafin asuba wayar ta mutu, ga shi ita ce abin kiran gida in wani abu ya taso. Dare na biyu na ɗauko fitilar caji ta ɗakin maman yara, ta yi awa biyu ta koma ja kamar garwashi, kuma da na mayar da ita gida sai da na sha magana. To wace iri zan saya? Abin da na ware bai wuce dubu ashirin da biyar ba. In Allah ya kai mu bikin kamun kifi ma da tantin nan nake so mu kwana, tunda masauki kan yi wuya a lokacin.

Mai Sola Jega: Wa alaikumus salam. Ka zo gidan sauƙi. Akwai wata da ta shigo mana, wat 200, da farantinta na sola da rimot. In ka kunna ta allura ma sai ka tsinta a ƙasa. Yi mini magana ta gefe.

Admin: Mai Sola, ranar talla Asabar ce. Ka ba da shawara, kada ka buɗe mana shago.

Baba na Gulma: Ɗana, bar wahal da kanka. Sayi hitilar ƙwai da kwalbar kananzir guda. Shekara arba'in muna kwana hwadama, da ita munka yi tsaron shinkahwa, da ita munka yi tsaron albasa. Ba ta son caji, ba ta son rana, in lagwani ya ƙare ka yanki tsumma ka sa. Kuma cikin sanyin ga da aka yi, tana ba ka ɗumi. Wanga kayan Sin da kuka saye, kwana ukku sun mutu.

Ɗan Fadama: Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ita na fara tunawa, don akwai ta tsohuwarmu a rataye, gilashin ne kawai ya tsage.

Anti Nas: Baba, a gafarce ni, amma nan kam ba zan yi shiru ba. Inda kuka kwana da inda yaron nan yake kwana ba ɗaya ba ne. Ku bukkar kara kuka yi, iska na shiga ta ko'ina tana fita. Shi kuwa leda ce, in ya ja zif saboda sanyi ya rufe kansa ruf kamar a cikin buhu. Duk abin da ke ci da wuta, fitilar ƙwai ce, aci-balbal ce, kyandir ne, ko kaskon gawayi, yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, musamman in iskar wurin ta yi ƙaranci. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci mai nauyi. Wanda yake a farke zai iya cewa kaina na ciwo, bari in fita. Wanda ya riga ya yi barci fa? Na taɓa karɓar wasu samari biyu da aka kawo mana da asuba a lokacin hunturu, sun shiga da kaskon wuta ɗaki sun toshe ko'ina. Ɗaya ya farfaɗo a hanya, ɗayan sai da ya kwana biyu a hannunmu. Har yau in na tuna kukan uwarsu a bakin ƙofa sai jikina ya yi sanyi.

Kuma Ɗan Fadama, tunda ka ambaci inji: hayaƙinsa ya fi na fitila wannan guba nesa ba kusa ba. Kada ka kafa tanti a gindinsa don kana tsoron ɓarawo. Ka duba inda iska ke kaɗawa, ka kwana ta inda take fitowa, hayaƙin ya bi gaba.

Baba na Gulma: Ɗiyata, ban ƙi taki ba. Amma mu ba mu rufe ƙohwa. Shi ma ya bar zif ɗin buɗe.

Anti Nas: In ya bar shi buɗe, Baba, sauron fadama ya samu tuwo. Sai ya dawo mini da zazzaɓi.

Hajiya Maman Tagwaye: Ni ba hayaƙin ne ma ya fi ba ni tsoro ba, gobarar ce. Wanda ya yi aikin Hajji ya ga tantunan Mina. Ba haka suke ba a da. A 1997 wuta ta tashi a can, sama da alhazai 340 suka rasu, dubban tantuna suka ƙone, iska na kora wutar daga wannan zuwa wancan. Bayan nan ne hukumomin Saudiyya suka sauya su da irin waɗanda wuta ba ta ci da sauƙi, suka kuma hana girki da gas a ciki. To in ƙasa guda ta sauya tantunanta saboda wuta, kai da ledarka ta gwanjo fa? Irin yadin nan ba ci kawai yake yi ba, narkewa yake yana ɗiga a jiki. Ka taɓa ganin yadda bokitin roba ke yi in ya kusanci murhu? Mutum uku a matse, ɗaya ya yi juyi ya shuri fitila, ga zif a rufe, ga duhu. Allah ya tsare.

Ga kananzir ɗin yanzu ma ba abin yarda ba ne. Sau nawa muka ji fitila ta fashe a hannun mata saboda an gauraya shi da fetur?

Baba na Gulma: Amin, Hajiya. Wagga magana ta kananzir gaskiya ta. Na da in ka shinshina ka san shi na. Na yanzu sai Allah.

Injiniya BK: Tunda an gama da wuta, bari in koma kan wat 200 ɗin Mai Sola, don ita ce ta hana ni wucewa. Mai Sola, da girmamawa, lissafi kaɗan. Fitilar da ke cin wat 200 da gaske, in za ta yi awa ɗaya tal, tana buƙatar wutar da ta fi ta fawabank biyar masu 10,000 mAh (mAh shi ne ma'aunin cajin da batiri ke ɗauka). Awa ɗaya fa. To wannan da ake cewa tana kwana a kunne, da batirin da bai fi tafin hannu ba, ina ta samo wutar? Lambar da ke jikin kwali ado ce.

Abin da ya kamata a duba shi ne lumen, wato yawan hasken da ke fita. Wat yana gaya maka abin da fitila ke ci ne kawai. Don a samu ma'auni: kyandir ɗaya yana ba da kamar lumen 12. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda muka taso da shi, kamar lumen 800. Fitilar LED mai kyau tana ba da kusan lumen 100 a kan kowane wat ɗaya. Tanti mai cin mutum uku bai kai faɗin tabarma biyu ba. Lumen 50 zuwa 100 sun ishe ka cin tuwo, neman hula, har da karatun Alƙur'ani in ka matso kusa. Wato ƙwan da ke cin wat ɗaya. In ka rataya lumen 1,000 a wurin da rufinsa ke taɓa kanka, ido zai yi ta ruwa, kuma ba wanda zai runtsa.

Mai Sola Jega: Injiniya, ni abin da aka rubuta nake faɗa, ba ni na ƙera ta ba. Kuma mai saye in ka nuna masa ƙarama sai ya ce ba ta da haske. A shago da rana tsaka ake gwadawa, wadda ta fi kashe ido ita ake ɗauka.

Injiniya BK: Ai nan matsalar take. Ana gwada ta minti ɗaya da rana, a je a yi amfani da ita awa goma da dare.

Ɗan Fadama: Injiniya, to ita ta maman yara me ya same ta? Sabuwa ce fa, ba ta shekara ba.

Injiniya BK: Ɗauke ta ka ji. In tana da nauyi a gindi, batirin dalma ne a ciki, ƙanen na babur. Irinsa ba ya son a tatse shi har ƙarshe, kuma ba ya son a bar shi kwanaki ba caji. Yadda wutarmu take, kullum a tatse yake, shi ya sa cikin 'yan watanni sai ya koma riƙe awa ɗaya ko biyu. Ka nemi mai batirin litiyam, irin na waya. Mafi yawan tocilolin yanzu suna amfani da wani mai kama da ɗan yatsa mai kauri, ana ce masa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Na gaske ba ya wuce kamar 3,500 mAh. In ka ga an rubuta 9,900 a jikinsa, ajiye musu kayansu. Wata alamar kuma nauyi: na kirki yana kai giram 45, na bogi in ka ɗaga sai ka ji kamar ba komai a ciki.

Ga lissafin da zai yi maka amfani. Fawabank mai 10,000 mAh yana ɗauke da abin da ya kai wat 37 na tsawon awa ɗaya, amma bayan asarar da ake yi a hanya, ka ƙaddara 25 zuwa 30 ne naka. Ƙwan USB mai wat ɗaya zai yi maka sama da awa 24 a kai. Mai wat 5 kuwa awa biyar zuwa shida, ya tashi. In ka haɗa da cajin waya, waya ɗaya mai 5,000 mAh za ta lashe fiye da rabi. Ka ga ke nan girman ƙwan shi ke yanke maka ko za ka kwana da haske ko za ka kwana kana tsaki.

Basarken Yauri: Duk kun yi maganar batir, ba wanda ya yi maganar ƙwari, alhali a bakin ruwa mutumin nan yake kwana. Mu da muke kwana a kan Neja mun san wannan karatu. Farar fitilar nan mai ɗaukar ido, wadda haskenta ke yin shuɗi-shuɗi, ita ce gangar kiran ƙwari. Kunna ta minti goma a bakin ruwa ka gani: tuwonka sai ya koma kamar an barbaɗa masa riɗi. Mai haske ruwan ɗorawa, irin na tsohon ƙwai, ba ta tara su haka.

Kuma akwai wani ɗan ƙwaro siriri a gonar shinkafa, jikinsa baƙi da ja, kamar tururuwa mai tsawo. Yana bin haske. Ba ya cizo, amma in ya hau wuyanka cikin barci ka murje shi, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin zai tashi kamar an ɗiga maka ruwan batir. Ƙanena ya murje ɗaya a gefen ido, ya yi mako yana yawo da fuska a kumbure, ana ta tambayarsa wa ya mare shi. In ka gan shi a jikinka hure shi za ka yi, in kuma ka riga ka murje, wanke wurin da sabulu nan take, kada ka kai hannun ido.

Abin da muke yi: fitila mai ƙarfi ba ta kwana inda muke kwana. A kafa sanda taku goma sha biyar ko ashirin daga wurin kwanciya, a rataye ta can, ƙwari su tafi biki. Amma fa ka sani, inda ƙwari suka taru kwaɗi na zuwa, inda kwaɗi suka taru mai cin kwaɗi na zuwa. Kada ka je gindin sandar nan da silifas.

Anti Nas: Wannan ƙwaron gaskiya ne, muna ganin masu shi, wasu har su ɗauka wani ciwon ne daban. Sai dai a gyara abu ɗaya kada a ruɗe: sauro ba fitila yake bi ba, numfashinka da warin jikinka yake bi. Sauya launin haske ba zai hana shi ba. Gidan sauron dai shi ne.

Injiniya BK: In za ka saya, duba kwalin. In an rubuta 2700K ko 3000K, ita ce mai ruwan ɗorawar da Basarke yake nufi. 6000K ko 6500K ita ce farar.

Ɗan Gusau: Ni daga Zamfara nake bin zancen nan, kuma akwai abin da ku mutanen Kabi kuke mantawa, wataƙila don Allah ya ɗan sassauta muku. Mu nan wanda duk ya kwana a daji ya san haske shela ne. Tantin leda in ka kunna fitila a ciki, shi kansa fitila yake zama, ana hango shi daga nesa kamar wata ya sauko gona. Kai da ke ciki ba ka ganin komai a waje, na waje kuwa yana ƙirga ku ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya kwanta da wanda ke zaune. Ka ce don ɓarawon inji kake kwana can. To ka kunna masa wat 200, ka nuna masa inda kake, ka kuma makantar da kanka. Ido in ya sha haske mai ƙarfi yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai. Ka ji motsi a bakin rijiya, ka fito a guje, ba abin da za ka gani sai taurari a idonka.

Shawarata: a ciki, mafi ƙanƙantar hasken da zai ishe ka, kuma da an gama cin abinci a kashe. In tocilarka tana da jan haske, yi amfani da shi wajen neman abu cikin dare, ba ya ɓata ganin duhu kamar fari.

Mai Sola Jega: Amma ai ɓarawo tsoron haske yake.

Ɗan Gusau: A cikin gari, inda maƙwabta za su gan shi. A fadama wa zai gan shi, kwaɗi?

Hajiya Maman Tagwaye: Maganar Ɗan Gusau ta tuna mini wani abu da maza ba sa kawowa a rai. Ya ce zai je bikin kamun kifi da tantin. In da iyali za a je, a kula da inuwa. Fitila in tana ƙasa ko a bayan mutum, duk abin da yake yi a ciki yana fita a jikin tantin kamar majigi. Mace ta shiga sauya zane, tana ganin ta rufe ƙofa, alhali na waje na kallon komai. Na ga wannan da idona a wani taro da muka je, sai da na tashi na je na buga musu tanti na ce a kashe fitila. A rataye ta a sama tsakiya, a rage ta, in za a sauya kaya kuma a kashe gaba ɗaya.

Ɗan Fadama: Hajiya, Allah ya saka da alheri, wallahi ko kusa ban yi wannan tunanin ba. Da iyalin kuwa nake son zuwa, yaran ba su taɓa ganin an faɗa kogin Matan Fada da homa da gora ba, sai a waya.

Baba na Gulma: Kai su, su gani. Tun 1934 aka hwara shi, zamanin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu. Uwayenmu sun gani, mun gani. Amma ku ɗiyan zamani, ku je biki ku tsaya kallon waya.

Basarken Yauri: Baba, mutanen Gulma dai ba a raba ku da labari.

Baba na Gulma: Yaro, sunan gari na, ba halinmu ba.

Admin: A dawo kan fitila, jama'a.

Injiniya BK: To bari in tattara nawa ra'ayin, mai gyara ya gyara. Kuɗinka kada ka zuba su a fitila ɗaya. Aiki biyu ne daban. Na ciki yana son haske mai laushi da ke bazuwa ko'ina. Na waje, zuwa duba inji, buɗe kwararo, kama ruwa, yana son haske mai tafiya nesa, kuma hannunka biyu a sake. Wannan aikin fitilar goshi ne, irin ta mafarauta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaura bel ɗin inji da tocila a baki ya san abin da nake faɗa. Kuma a fadama ba a taka ƙasa cikin duhu, kububuwa ba ta gudu kamar sauran macizai, kwanciyarta take yi a kan hanya.

In kuɗi sun gaza, fitilar goshin kaɗai ma tana iya yin aikin biyu. Cika farar jarka ko gorar roba da ruwa, ka ɗaura mata fitilar a jiki, hasken na kallon cikin ruwan. Jarkar gaba ɗaya za ta ɗauki haske mai laushi, ba ya kashe ido.

Sai batun ƙura da raɓa. Wasu fitilun suna da lamba mai farawa da IP. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 tana jure yayyafi da fantsama. IP65 ƙura ba ta shiga, ruwan tiyo ma ba ya cutar da ita. IP67 ko ta faɗa kwararo ka tsamo ta da wuri ba abin da zai same ta. Ga mai aiki a cikin ruwa da hazon hunturu, wannan lambar ta fi wat ɗin da ake ta kururutawa amfani.

Mai Sola Jega: To tunda an hana ni talla, bari in ba da ilimi kyauta, kada a ce ɗan kasuwa bai san komai ba sai riba. Kuskuren da na fi gani wurin manoma: su sayi fitilar da farantinta ke manne a kanta, su shanya ta a rana tun safe har la'asar. Farantin yana son rana, batirin kuwa ba ya so. Zafin Kabi in Maris ya shiga ba wasa ba ne, litiyam in ana caja shi cikin irin wannan zafin yana saurin lalacewa, wani ya kumbura. Ka nemi wadda farantinta daban yake da doguwar waya: faranti a rana, fitila a inuwa. Kuma kada ka bar ta cikin tanti a rufe da rana, cikinsa ya fi waje zafi.

Na biyu, a wannan lokacin rana ta karkata kudu, don haka ka jingina farantin yana kallon kudu, kada ka shimfiɗa shi a ƙasa. Na uku, goge shi kullum da safe. Ƙurar kwana biyu ta isa ta rage masa ƙarfi, sai mutum ya dawo mini yana cewa na sayar masa da mataccen kaya, in duba in ga faranti kamar an shafa masa garin gero. Faranti mai wat 10 ya ishe ka fitila da waya ɗaya in kana kula da shi. Kuma akwai kamfanonin da ke ba da garanti, irin su Sun King da d.light, ka karɓi takardarka ka adana.

Injiniya BK: Yanzu ka yi magana, Mai Sola. Wannan duk daidai ne.

Mai Sola Jega: Ai dama na sani, ciniki ne ke sa mu faɗi wat 200.

Baba na Gulma: To in hazo ya rufe rana kwana ukku hwa? Kun san shina yi. Ranar nan za ku tuna da hitilar ƙwai.

Injiniya BK: Baba ya kama mu a nan. Hazo mai kauri yana rage caji ƙwarai. Maganinsa ƙaramar tocila mai cin batirin zubarwa, a ajiye ta da sababbin batura a leda, ba a taɓa ta sai ranar da komai ya mutu. A cire baturan daga ciki in za ta daɗe a ajiye, don suna zubar da ruwa su ci ƙarfen.

Anti Nas: Ni ban hana Baba fitilarsa ba. A waje, nesa da leda da tarin bambaro, inda za a yi alwala ko a sha shayi, ba laifi. Ciki ne dai a'a.

Baba na Gulma: To mun shirya, ɗiyata. Waje nata, ciki naku.

Basarken Yauri: Wani abin dariya kafin in tafi duba taru. 'Yar tocilar nan mai shuɗin haske da masu shago ke duba kuɗi da ita, in ka haska kunama da ita cikin duhu sai ta yi ƙyalli, kore-kore, kamar an shafa mata fenti. Na gwada a gindin wani tsohon kwalekwale, uku na gani a inda nake zama kullum. Tun ranar na sauya wurin zama.

Baba na Gulma: Mu ba mu da tocilar kuɗi. Kakkaɓe takalmi muke kahin mu sa ƙahwa.

Ɗan Fadama: Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na sayi ƙaramar fitilar sola mai faranti daban, tana da mataki uku na haske, da fitilar goshi ɗaya, da 'yar tocila ta ajiya kamar yadda Injiniya ya ce. Kuɗin sun ɗan haura abin da na ware, sai da na taɓa na taki. Mai ruwan ɗorawa ban samu ba, duk farare ne a inda na je, don haka na yanki ledar burodi mai launin rawaya na naɗe mata, tunda ba ta zafi. Ƙwarin sun ragu, ba su ƙare ba. A mataki na ƙasa muke barinta, rataye a ƙugiyar tsakiya, kuma ba ta taɓa mutuwa kafin mu kashe ta ba, har ranar da hazo ya yi yawa. Tantin na janye shi daga gindin inji zuwa gabas, Anti, ciwon kan da ƙanena ke tashi da shi da safe ya daina, da muna cewa sanyi ne.

Dabarar jarka kuma ta yi kyau har yaron da ke taya mu ya ce tsafi ne.

Anti Nas: Inna lillahi. Ciwon kai da safe, kuma ba ka faɗa ba tun farko? Alhamdu lillahi da ka janye. In ya sake dawowa ka kawo shi a duba.

Baba na Gulma: Ta tsohuwarka hwa, mai tsagaggen gilashi?

Ɗan Fadama: Na sa mata sabon gilashi, Baba. Tana waje a kan turmi, wurin da muke sallar isha'i. Kwalbar kananzir ɗin ce dai ta kusa sa ni kuka a wurin biya.

Injiniya BK: Fitilar goshin fa, ta yi?

Ɗan Fadama: Ta yi har ta wuce. Matsalar yanzu yaron nan ya gano tana kama idon kwaɗi daga nesa, kullum sai ya sace ta ya tafi yawon kwararo, in na tashi duba inji in tarar ba caji. Mai Sola, nawa ce ƙarama irin ta yara? Ka bari sai Asabar ka ba ni amsa, kada Admin ya kore mu tare.